Wanda Ya Riƙe Mini Waya

Shekara uku ɗakin haihuwar unguwarmu babu wuta, kowa sai dai "Allah ya kyauta". Na gaji, na sayo farantin sola da kaina. Magariba ta yi, yayata tana naƙuda a ciki, ni ina fama da wayoyi a baya.

"Ɗan boko, batir ake fara haɗawa," in ji wani tsoho, muryarsa kamar daga cikin tulu. "Kawo in riƙe maka wayar farantin."

Hannunsa sanyi ƙalau. Na ɗaure batir, ƙwan lantarki ya kama, ungozoma ta yi hamdala.

Ya ce, "To, mu da muka saba da duhun nan fa?"

Na dubi bango. Inuwata ce kaɗai, sai ta waya, tsaye a iska.