Ranar Da Auta Ta Rufe Akwatin Dogo

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, ba gaisuwa ce ta kawo shi ofishinta ba, faɗa ne.

Ita ke kula da kwamfutocin wani kamfanin gine-gine, a wani ɗan ɗaki mai sanyi da ke ƙarshen baranda. Da safen nan ta tarar 'yan damfara sun sace kalmar sirrin wasu ma'aikata, suna ta aika wa abokan hulɗar kamfanin saƙo da sunayensu, wai an canza asusun banki, a riƙa biya ta sabon. Ba ta tsaya jiran a kira taro ba. Ta buga wa manaja waya ta faɗa masa abin da za ta yi, sannan ta zaɓi akwatunan imel ɗin da abin ya shafa ta rufe su na ɗan lokaci, ba shiga ba fita.

Ko shayinta bai huce ba aka turo ƙofa. Wani dogon saurayi ne da fensir a bayan kunne, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Mai zanen gidaje ne a hawan sama, kowa Dogo yake ce masa.

"Wa ya rufe min imel?"

"Ni ce," ta ce, idonta na kan allo.

Ya shiga zuba: akwai zanen makaranta da dole ya isa hannun masu aikin kafin azahar, in ba haka ba kamfani ya rasa kwangilar, shi kuma wahalar wata guda ta tashi a banza. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta juyo ta yi masa bayani. Ba abin da zai ɓata a akwatinsa, amma ba za ta buɗe ba sai ta kori ɓarayin. Ta ce ya kwafo zanen a filas na kwamfuta ya kawo. Ta duba shi da kyau, ta tura ta adireshin sashenta, kafin ya zauna ma amsa ta dawo cewa an karɓa.

Dogo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"To yanzu faɗan da na zo da shi, ina zan kai shi?"

"Ka koma da shi sama," ta ce. "Akwai lifta."

A nan ya fara ganin murmushinta, bai kuma warke ba.

Kullum da safe sai ya leƙo tambayar ko an buɗe. Da aka buɗe kuma sai kayan aikinsa suka shiga lalacewa ɗaya bayan ɗaya: yau firinta ta ƙi, gobe allo na rawa. Auta ta hau sama ta duba, ta ga lafiyarsu ƙalau, ta koma ofishinta. Rannan da yamma, tana ninke wanki a gida, saƙo ya shigo wayarta:

"Mai Makulli, barka da hutawa. Na duba kwamfutata ciki da waje ban ga abin da ya lalace ba, ga shi ina son ganinki gobe. Ki taimaka min da dalili."

Ta yi dariya har yayarta ta leƙo, sannan ta rubuta:

"Ba sai da dalili ba. Ka zo kawai, Dogona."

Soyayya ta kama kamar an daɗe ana jiranta. Sai dai mataimakin manaja, wanda ya jima yana neman Auta tana ba shi haƙuri cikin mutunci, bai ji daɗi ba. Ya ja Dogo gefe ya raɗa masa cewa akwatinsa ne na ƙarshe da aka buɗe, don ita Auta zarginsa take da hannu a damfarar.

Dogo ya ɗauke ƙafa. Saƙonninsa suka koma "lafiya lau" kawai. Auta ba mai kuka a filo ba ce. Ta bincika ta ji abin da aka faɗa, ta hau sama lokacin hutun rana ta tsaya a gaban teburinsa, abokan aikinsa na kallo.

"Gaskiya ne naka na buɗe a ƙarshe," ta ce, "don ta nan suka shigo. Kai ka danna saƙon da ya yi maka alkawarin manhajar zane kyauta. Na rufa maka asiri ne. Da ina zarginka, a fuskarka zan faɗa."

Ɗakin ya fashe da dariya. Dogo ya rufe fuska da takardar zane, ya bi ta har bakin lifta yana ba da haƙuri, ba ta kuma wahalar da shi ba.

Amma maganar ta riga ta yi ƙafa. Mataimakin manaja unguwarsu ɗaya da su Auta, ya kai wa mahaifinta labarin yadda yake so. Da aka zo maganar aure, Abba ya ce sam. Amininsa mai sayar da rodi da siminti, wanda kamfanin ke gina wa shago, shi ma ya samu saƙon damfarar, da sunan yaron nan ƙiri-ƙiri, kuma ita Auta da hannunta ta rufe masa akwati. Umma ta sa baki, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda sunansa ya fito a irin wannan ba.

Auta ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Abba, ɓarawo ne ya shiga da sunansa. Na rufe ne don in kare shi, ba don na kama shi ba. Alfarma ɗaya nake nema: ka kira amininka ka tambaye shi. Duk abin da ya faɗa, na yarda."

Ita kanta ba ta san me zai faɗa ba. Mutumin da take so kawai ta sani.

Abba ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Mai rodi ya kwashe da dariya. Ya ce ai wannan dogon ba zai manta da shi ba. Ranar da abin ya faru yana shirin tura kuɗin ginin ke nan sai ga yaron a kan babur, sharkaf da gumi, ya ce an rufe masa imel, ya kira waya ba a ɗauka ba, shi ya sa ya zo da kansa ya ce kada a biya. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya wuce wajen sauran waɗanda aka tura wa saƙon.

"In ba ka so, ka faɗa min," mai rodi ya ƙara, "ni ma ina da 'ya."

Abba ya kashe wayar ya ajiye. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ki ce ya turo manyansa."

Auta ta shige ɗaki ta rubuta:

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ka je wajen mai rodi ba?"

Amsa ta zo nan take:

"Imel kika rufe min, Mai Makulli, ba ƙafa ba. Sunana ne a saƙon, ba zan zauna a cuci mutane da shi ba. Abba ya ce me?"

"Ya ce ka fara neman ɗinki. Da wannan tsawon naka, na san yadinka sai an haɗa da na maƙwabta."

Ranar ɗaurin aure gida ya cika, 'yan ofis suka zo har da manaja. Da za a tafi da amarya, Abba ya kama hannun ango, ya ɗaga kai yana dubansa.

"Na ƙi ka ban san ka ba, ka yafe min. Ga ta nan. Ba ta iya ɓoye gaskiya ba, wani lokacin za ta yi maka ɗaci. Ka riƙe ta a haka, don ba ni da abin da ya fi wannan da zan ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Umma ta share ido, ta gyara wa 'yarta mayafi, Auta kuma ta miƙa wa mijinta hannu suka fita tare.