Kalmar Sirrin Taiba

Malam Nasidi na Jangebe ya kawo wa Ukasha mai gyara kwamfutarsa a shagonsa da ke Talata Mafara, ya ce duk sanda aka kunna ta sai ta nemi wata kalmar sirri, a kore ta, ta dawo. 'Yarsa Taiba ce ta sa, ita kuwa ta rasu, an rufe ta tun farkon damina.

Ukasha ya yi ta fama har bayan isha'i. Ruwa ya ɗauke, kasuwa ta watse, sai ya ji sallama daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa kamar daga cikin tulu. Wata mace ce lulluɓe da farin mayafi. Ta gaishe shi da aiki, ta gaishe shi da ruwa, amma ba ta shigo ba. Ƙanshin kafur ya cika shagon.

"Rubuta sunan mahaifiyata, Mairo, da shekarar da ta rasu," in ji ta, ta faɗi shekarar.

Ya rubuta. Kwamfuta ta buɗe.

Ya ɗago kai a hankali. Ko'ina taɓo ne a waje, amma ƙafafunta tas, babu sawu ko ɗaya a bayanta.

"Don Allah ka cire kalmar gaba ɗaya, Malam Ukasha," ta ce. "Duk sanda kwamfutar ta tambaya, sai Baba ya manta, ya juya ya kira ni. Ina jin shi sarai. Amsawa ce ba ni iyawa."