Ranar da Tsutsotsin Don Heber Suka Mutu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar Cerro, a birnin Montevideo. Wata tsohuwa ta rasu a gidanta, likita kuma ya ƙi sa hannu a takardar mutuwa. Da Sufeto Wilmar Techera ya ji sunan, sai ya ajiye biro. Malama Zulma ce, wadda ta koya masa baƙi da wasali, ta kuma riƙa raba biredinta da shi a shekarar da aka rufe mayankar da ubansa ke aiki.

Ya tafi tare da Kofur Yanina Olivera, yarinya mai kaifin ido wadda ba ta san wani abu wai shi kawar da kai ba. A bakin ƙofa suka tarar da ledar ɓawon ayaba rataye a marfi. Likitan ya ja Sufeto gefe.

"Ciwon ƙashi ya daɗe yana cin ta, Yallaɓai, amma ba shi ya ɗauke ta jiya ba. Dubi bakinta. Wani abu ta sha."

Mutum ɗaya ne ke zaune da ita a gidan, mijinta Don Heber Silveira, ɗan shekara saba'in da huɗu. In maganar likita ta tabbata, tsohon a kurkuku zai ƙarasa rayuwarsa, kuma Techera ne zai kai shi da hannunsa.

Don Heber na zaune a kicin, hannayensa bisa gwiwa.

"Wilmar, kai suka turo? Ka yi ƙiba."

"Sannu da haƙuri, Baba. Me Malama ta sha jiya da yamma?"

"Ba ta sha komai ba. Ko shayin mate ta ƙi, kwana uku ke nan."

"Yaushe ta cika?"

"Barci ta yi. Na ɗauka barci ne, sai da gari ya waye."

Sufeto ya ɗauki ƙoƙon mate da ke kife kusa da famfo. A ƙasar nan ko jariri ya san ba a wanke wannan ƙoƙo da sabulu, zubar da tsohon ganyen ake a ɗauraye da ruwa. Wannan kuwa ƙamshin sabulu yake yi, bututun azurfar da ake zuƙa da shi har ƙyalli yake. Ya mayar da shi inda yake, amma ya san Yanina ta gani.

Maƙwabciyarsu, Doña Nybia, ta tare su a ƙofarta da zanin girki a ƙugu. Ba a ma tambaye ta ba ta fara.

"Heber a gidana ya wuni jiya, yana gyara mini famfo. Tun azahar har rana ta faɗi. Ku rubuta."

"Famfon ya gyaru?"

"Ina ruwanka da famfona, Wilmar? Na san ka tun kana yawo da majina."

"Ɓawon ayabar da ke rataye a ƙofarsu fa, na wa ne?"

"Nawa ne. Kullum ƙarfe biyar nake kai wa tsutsotsin da yake kiwo, duk layin nan an sani."

"In yana gidanki a lokacin, Inna, me ya hana ki miƙa masa a hannu?"

Ta goge hannu a zani ta sake gogewa, sannan hawaye suka zubo.

"Na ƙwanƙwasa, ba su buɗe ba. Rediyo na ta kiɗa a ciki. Shekara biyu ina jin kukan matar nan ta bango, ka gane? Jiya ne kaɗai ban ji ba. Ka bar tsohon nan, don Allah."

Shi ma Sufeto abin da yake so ke nan. Ya koma gidan mamaciyar.

A ɗakin baya Don Heber ke noman wiwinsa: tukwane shida ƙarƙashin fitilu, takardar izinin hukuma a manne a bango. Daga furen yake tatsar man da yake ɗiga wa matarsa a harshe don ciwon ya lafa. Ya rantse ba zai sa mata abin da taki na kanti ko maganin feshi ya taɓa ba, shi ya sa yake kiwon jajayen tsutsotsi a akwatin katako mai hawa uku. Yana zuba musu ɓawo da tsohon ganyen mate, su mayar masa da baƙar ƙasa mai laushi. Shekara tara yana wannan hidima, har 'yan unguwa na tsokanarsa da cewa ya fi kowa yawan dabbobi a Cerro.

Techera ya ji warin tun kafin ya ɗaga murfin. Tsutsotsin sun haura bangon akwatin suna neman tsira, wasu sun faɗo ƙasa sun bushe a siminti. Sauran sun narke a ciki. A saman takin akwai dunƙulen ganyen mate, kore shar, da siffar ƙoƙon da aka juye shi.

Ya daɗe a tsaye. Cikin tafin hannu ɗaya ganyen zai shige, ga kuma bayan gida taku huɗu daga nan. Har ya miƙa hannu zai kwashe ya zubar.

"Yallaɓai." Yanina ce a bakin ƙofa, riƙe da wata ƙaramar kwalba a cikin leda. "A bayan tankin ruwa na samo. Maganin ƙwari ne, an sha rabi. Mutumin da ya taɓa kai ƙarar maƙwabci don ya yi feshi, me wannan ke yi a gidansa?"

Ta dubi akwatin, ta dubi hannunsa. Ta zaro wata ledar ta miƙa masa. Ya karɓa ya kwashe ganyen da kansa.

Ya ajiye ledojin biyu a teburin kicin.

"Baba, ka ce kwana uku ba a sha mate a gidan nan ba. Wannan ganyen na jiya ne."

Don Heber bai kalli kwalbar ba. Ganyen ya tsura wa ido.

"A ina ka samo shi?"

"A akwatin tsutsotsi."

Da gaske tsohon bai sani ba, Techera ya ga haka a fuskarsa.

"Ni na zuba musu?" ya ce a hankali. "Na wanke ƙoƙon, na ɓoye kwalbar, na tuna duk wannan. Ganyen kuwa hannuna ne ya kai. Shekara tara ban taɓa zubar da shi a shara ba."

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Man ya daina yi mata aiki tun hunturu. Na ƙara tsutsotsi, na canza iri, na yi duk abin da na iya. Kullum sai ta roƙe ni in raba ta da wahalar nan. Na ce to, amma tare za mu tafi." Ya share baki. "Ka san mai haɗa mate shi ke shan na farko, mai ɗacin. Shekara arba'in da shida ni ke sha. Jiya da na zuba maganin a ciki, sai ta riƙe hannuna ta ce, 'Tsoho, yau dai ka bar ni in riga ka.' Ta shanye. Na sake zuba ruwa, na kai bututun bakina."

"Sai me?"

"Sai na kasa, Wilmar. Tana kallona, na kasa. Ta ce ba komai. Abin da ta faɗa na ƙarshe ke nan, ba komai."

Yanina ta gama rubutu, ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai, ta mayar. Ya faɗa wa tsohon cewa an kama shi bisa zargin kashe matarsa.

Don Heber ya sa hularsa. Ya roƙi a kashe fitilun ɗakin baya, tunda babu sauran wanda ake noma wa. Shi bai yarda ya leƙa ba. A bakin ƙofa ya sauke ledar ɓawon ayabar, ya tsaya riƙe da ita bai san inda zai kai ta ba. Doña Nybia na kuka a ƙofar gidanta.

"A hawa na ƙasa fa?" ya tambaya. "Da saura masu rai?"

Techera ya riga ya duba hawa ukun duka. Babu ko ɗaya.

"Akwai, Baba. Da yawa. Zan kai wa Doña Nybia ta kula da su."

Tsohon ya dube shi, ya ɗan yi murmushi, ya damƙa masa ledar.

"Zulma ta sha faɗa mini, tun kana aji ɗaya ba ka iya ƙarya ba."

Ya sunkuya ya shiga motar 'yan sanda da kansa.