Likkafanin Da Ya Je Marina

"Ku kashe! Na ce ku kashe mini akwatin nan!"

Muryar kakata Hajiya 'Yardada ce ta tsinke dariyar da ta cika ɗakin.

Ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanon dambu a hannu.

A talabijin, ga Zaharaddeen ɗina naɗe cikin likkafani, fuska fari fat da farar ƙasa. Ya tashi zaune a kan makara, masu ɗauka sun watse har da mai tuntuɓe, shi kuwa ya miƙa hannu yana kiran mai ƙosai, wai a zuba masa yaji sosai.

Tallan sabon fim ne, irin wanda ake sakawa a farkon kaset. A shekarar da soja suka koma bariki, fastar fim ɗin nan ta rufe fuskokin 'yan siyasa a bangon unguwar Koki, kowa jiran fitowarsa yake. An ce za ka tsorata, kafin ka gama tsoron kuma cikinka ya ƙulle da dariya.

"Laa! Hajiya, ashe angon Shamsiyya ne? Wallahi ban lura ba..." in ji Binta, 'yar baffana, wadda ta kawo kaset ɗin.

Ta lura mana. Tun ranar da ta kai ɗinki shagonsa a Gwammaja, ya karɓi atamfarta bai karɓi tayinta ba, take neman inda za ta soke ni.

Hajiya ta dube ni, idonta jawur.

"A aika wa mutanensa, sa ranar nan ta Juma'a kada su wahalar da kansu."

"Hajiya..."

"Wanda ya shiga likkafani da ƙafarsa ya aika wa mutuwa goron gayyata. Ba zan aurar da ke ki shiga takaba da lallen biki a ƙafa ba!"

Kwanon ya suɓuce, dambu ya watse a ƙasa.

Washegari bayan la'asar Zaharaddeen ya zo zaure. Duk barkwancin nan nasa babu, kamar an zare masa laka.

"Rabin raina, yadi ne fa. Ni na yanko shi a Kantin Kwari da hannuna."

"Na sani."

"In kin ce in je in roƙe su a cire wurin, yanzu zan tafi."

"Kaset ya riga ya zaga gari, Deenina. Kuma ko bai zaga ba, ba zan so ka zubar da abin da ka daɗe kana mafarki saboda ni ba."

"Mafarkin me, in babu ke?"

Hawaye ya kawo mini. Ina son mutumin nan, so irin wanda ba na jin kunyar faɗa.

"Ba fim ɗin take ƙi ba," na ce. "Hajiya ta fi kowa son kallo, ita ke aike a karɓo hayar kaset. Akwai abin da take tsoro. Jira ni a nan."

Na same ta zaune a gaban adakarta a buɗe, ta ɗora nata likkafanin a cinya, wanda ta jiƙo da zamzam tun zuwanta Makka. Na durƙusa.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, me mijinki ya yi miki kika sake shi tun ba a ɗaura ba?"

Ko murmushi ba ta yi ba.

"Ubanki Salihu ma haka yake," ta ce a hankali. "Mai ban dariya. Ranar sunanki ya kwanta a makarar masallacin unguwa don ya tsorata abokansa. Aka yi ta dariya, har da ni... Ba ki kai ga yaye ba aka ɗauke shi a cikinta."

Ban taɓa jin wannan ba. Ita ta raine ni, amma ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Tausayinta ya kama ni, na kifa kaina a cinyarta muka yi kuka tare.

Can na ɗago, na shafa farin yadin.

"Hajiya, kin tuna randar tsakar gida?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ina 'yar firamare na shigo neman ƙanzo, na tarar da ke a miƙe a kan gado, kin naɗe a cikin wannan, wai kina gwadawa ko zai ishe ki. Sai kika ce, 'Ke, miƙo mini gorona.'"

Ta kawar da kai tana danne murmushi.

"Na kwasa da gudu na faɗa randa ta fashe, akuya ta tsinke igiya, ke kuma kika biyo ni a naɗe kina tsalle kamar buhu, kina cewa ni ce, ni ce!"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba tana dukan cinya.

"Ja'irar yarinya! Har liman sai da ya leƙo!"

"To ga ki nan har yau kina cin goronki. Ke da kika gayyaci mutuwa da kanki ba ta zo ba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta daɗe tana kallon yadin.

"Ɗana ta ɗauka tun da ƙuruciyarsa, ni kuma da na kira ta sai ta tsallake ni," ta ce. "Ashe ba kira take ji ba. Rai na Allah ne... Yana zaure? Ce ya shigo."

Zaharaddeen ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Kai ne gawa mai cin ƙosai?"

"Ni ne, Hajiya. A yafe mini."

"Ina yadin?"

"Yana shago."

"Ka kai shi marinar Ƙofar Mata a tsoma shi a shuni, a buga, ka kawo mini. Ba na son ya sake kwana fari a inda kake. Juma'a kuma ku zo da wuri, ba na son jira."

Ya fita yana tuntuɓe da takalminsa. Binta da ke laɓe a bayan labule ta zame ko sallama babu.

Fim ɗin ya fito ana saura kaɗan biki. Hajiya ce a gaba, ta rufe ido da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu, in ta yi salati sai ta tuntsire da dariya.

Ranar da za a kai ni, ta fito ɗaure da shuɗin zane mai ƙyalli, yana ƙamshin marina. Mata suka yi ta tambayar inda ta saya, ta ƙi faɗa.

Da ta zo sa mini albarka, ta kama hannuna ta ɗora a kan zanen, ta raɗa mini a kunne.

"Ki bar shi ya yi ta ba ki dariya, 'yar Salihu. Ubanki ma, da na san kwanansa gajere ne, da ban taɓa tsawatar masa ba."