Rubutun Ƙarƙashin Gwangwani

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa suka yi. Har gobe idan 'ya'yanta suka tambaye ta yadda ta san babansu, sai ta yi dariya ta ce, "Hana ni kaya ya yi, a shagon da ba ma nasa ba."

A lokacin ita ce ke sayo wa mahaifinta kayan aiki. Baba marini ne, irin masu rina farin yadi da ɓawon albasa da saiwoyi da ganye, kuma auduga ba ta riƙe irin wannan launi sai an fara jiƙa ta a ruwan wani farin gari mai laushi, aluminiyam asitet. A gidansu ba mai wahalar da harshensa da wannan suna, garin kama launi kawai suke cewa. Shagon sinadaran yana ƙarshen wani siririn layi, da koren ƙofar ƙarfe da tsohuwar fanka mai juyi kamar an yi mata dole. An rushe shi tuntuni, amma ita har yanzu tana tuna ƙarar fankar nan.

Sabon ma'aikaci ta tarar a bayan kantar shagon, dogo, siriri, da biro a bayan kunne. Ta miƙa masa gwangwanin madarar da ta saba zuwa da shi.

"A nan zan zuba miki?"

"A nan ake zuba mana tun kafin ka zo."

"Murfinsa ba ya kamawa, ba rubutu a jikinsa, ga shi na madara. Wani sai ya zuba a shayi."

"Ba mai shan shayi a ɗakin rininmu."

"Kina da takunkumi? Safar hannu fa? Tabarau?"

"Malam, gari na zo saya, ba tiyata zan yi ba."

Ya yi murmushi, ya kalli yatsunta da rini ya mayar rawaya, amma gwangwanin dai ya ƙi karɓa. Ya ɗauko roba mai murfin murɗawa, ya ɗaura takunkumi, ya auna a hankali don kada garin ya tashi, ya manna takarda ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe.

"Ki ajiye shi inda ba danshi, nesa da wuta. In ya sha laima dunƙulewa yake yi. Hattara da ido, hattara da shaƙa, ki wanke hannu kafin ki ci abinci."

"To, Malam Hattara."

"Ki gaida gida, Rawaya."

Sunayen nan biyu su ne suka bi su har tsufa.

Daga nan alli ya fara ƙarewa da wuri a gidan, soda ma haka. Mama ta lura, ta ce oho, ashe yanzu 'yarta ta fi kowa son aike. Waya kuwa ba ta hutawa.

"Rawaya, yau wata ta zo da gwangwanin madara. Ban yi mata faɗa ba, na ga faɗan naki ne ke kaɗai."

"Malam Hattara, na sa safar hannun yau. Yatsuna sun fara fari, kada ka ce ba ka gane ni ba."

"Ko a cikin mata dubu zan gane ki. Ke kaɗai kike harara kina dariya."

Da magana ta yi ƙarfi, ya zo gaida Baba wata ranar Asabar da la'asar. A ɗakin rini ya same shi. Ɗaki ne mai ƙofa a bakin titi, da babbar tukunya a kan wuta, da igiyoyin shanya, da kantar ajiye kaya a saman tukunyar dab da tagar da ruwa ke fesowa. A kan kantar akwai gwangwanayen madara huɗu iri ɗaya sak: alli, soda, gishiri, garin kama launi, duka farare. Duk robar da 'yarsa ta kawo daga shago, Baba juyewa yake yi a gwangwaninsa ya jefar da ita. Shekara arba'in yana bambance su da hanci, domin garin kama launi yana da ɗan wari mai tsami-tsami, kuma da wannan hanci yake alfahari a gaban kowa.

Abin da saurayin bai sani ba, tun wata doguwar mura da Baba ya yi bara hancin ya daina aiki. Bai gaya wa kowa ba. Ita ta gane ne ranar da abinci ya ƙone a gabansa bai ce uffan ba. Tun daga ranar take riga shi shiga ɗakin ta turo gwangwanin da zai buƙata gaba, shi kuma ya ɗauka ya shinshina kamar da gaske.

Ranar nan tana wajen kawo wa baƙo ruwa, ba ta turo komai ba.

"Ku 'yan takarda sai rubutu," in ji Baba, yana ɗauko gwangwani. "Mu hanci ne takardarmu. Kalli nan."

Ya buɗe, ya shinshina, bai ji komai ba. Ya ƙara cusa fuska ya ja numfashi da ƙarfi. Garin ya tashi ya cika masa ido da maƙogwaro. Tari ya sarƙe shi, ya kai hannu zai murza ido.

"Kada ka murza, Baba."

Saurayin ya riƙe hannun, ya ja shi waje zuwa famfon bakin ƙofa, ya sunkuyar da kansa, ya buɗe masa fatar ido ruwa na bi. Baba yana fizgewa yana cewa ya isa, shi kuwa idonsa na kan agogo. Maƙwabta suka taru. Sai da minti goma sha biyar suka cika cif ya sake shi. Da a nan ya tsaya, da an yi masa godiya. Amma bawan Allahn nan, da iyakar gaskiyarsa, a gaban mutane ya ce, "Baba, ashe ba ka jin warin ne?"

Baba ya share fuska da gefen rigarsa ya shige ciki.

Likita ya ce idon lafiya lau, an wanke shi a kan lokaci. Hukuncin Baba kuwa bai canza ba: yaron da ya danna kansa a ƙarƙashin famfo kamar mai wankin akuya ba zai auri 'yarsa ba. Nan da nan ya fara yabon ɗan mai shagon yadi, wanda a da yake cewa ko ja da ruwan goro bai bambance ba. Mama ta yi lallashi har ta gaji.

Ita ma Rawaya ta yi fushi, kuma fushin ya fi ciwo don tana sonsa. Ta tura masa saƙo a waya.

"Ba ruwan famfon ne ya ƙona masa rai ba, tambayarka ce. Shekara guda ina rufa masa wannan asiri, ka tone shi a numfashi ɗaya."

Sai da ya kwana biyu kafin ya amsa.

"Na yi kuskure a magana, kuma ina neman gafararki da tasa. Ruwan kam ko yau aka sake zan sake. Ko bai ba ni ke ba, Rawaya, kada ki bar shi ya ƙara cusa fuska a garin nan."

Ta karanta har ta haddace.

Mako uku ta yi ba ta taka layin shagon ba, sai da gari ya ƙare dole ta je. Ya rame. Bai yi mata dogon zance ba, ya ɗora robobi huɗu a kan kantar shagon, kowace daidai cikin gwangwanin madara, da ƙananan takardu huɗu masu gam.

"Ki sa robar a cikin gwangwaninsa, ki ce saboda damina ne. Takardar kuma ki manna a ƙasa, ta waje, inda ba mai gani sai wanda ya ɗaga. Kada ki ce masa komai, kada ki ambaci sunana."

Ta daɗe tana kallonsa. A ranar ta san ko shekara goma za a yi, shi za ta jira.

Ta yi yadda ya ce. Ta kuma mayar da kantar ɗakin rinin zuwa bangon da ke nesa da wuta da taga, Baba ya yi ɗan gunaguni ya ƙyale ta.

Wata safiya tana shanya yadi a tsakar gida, ta hango shi ta taga shi kaɗai. Ya ɗauki gwangwani, ya waiga ƙofa, ya ɗaga shi sama ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya mayar, ya ɗauki na kusa da shi ya leƙa, ya gyaɗa kai. Sannan ya zaro takunkumi daga aljihu, irin wanda ta ajiye masa watanni ya ƙi taɓawa, ya ɗaura kafin ya buɗe murfi. Ta ɓoye fuska a cikin jiƙaƙƙen yadin ta yi kukanta, na tausayi da na daɗi a haɗe.

Bayan kwana huɗu, suna cin abincin rana, Baba ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Yaron nan mai famfo, rubutunsa manya-manya ne. Ya san idon tsoho." Mama ta taka ƙafar 'yarta a ɓoye. "Ki ce ya zo ina nemansa."

Ya zo ya durƙusa a ɗakin rinin, ita tana laɓe a bayan ƙofa.

"Minti nawa ka riƙe ni?"

"Sha biyar, Baba."

"Tun a minti biyar na ce ka sake ni. Me ya hana ka?"

"Na ga gara ka yi fushi da ni kana gani, Baba."

Baba ya yi 'yar dariya. "Bakinka dai yana buƙatar murfi mai kamawa. Amma riƙon ka iya. Haka nake so ka riƙe min ita, ko ta yi fushi kada ka saki. Ka turo manyanka."

Baba da kansa ya rina yadin da ta sa ranar ɗaurin aure, rawaya mai haske da har yau bai koɗe ba. A bakin titi ya yi aikin, da takunkumi da tabarau da safar hannu, a gaban maƙwabtan nan dai da suka taru ranar famfo. Wanda duk ya tsaya kallo sai ya ce masa, "Surukina ne ya koya min."

Da za a tafi da ita, ya kira su su biyu, ya miƙa musu gwangwanin madara guda. A jikin gwangwanin, inda kowa zai gani, ya manna takarda da rubutunsa: garin kama launi, hattara. Ta juya ƙasan, tsohuwar takardar mijinta tana nan bai cire ba.

"Allah ya yi muku albarka," in ji shi. "Ya sa ku rufa wa juna asiri yadda kuka rufa min."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba. Gwangwanin yana saman kabad ɗinsu, wankakke, ba komai a ciki. Duk lokacin da ta sauko da shi za ta goge ƙura, sai ta ɗaga shi ta leƙa ƙasa tukuna, yadda ta ga mahaifinta ya yi. Malam Hattara kuwa, da furfurarsa da biro a bayan kunne, sai ya ce daga inda yake zaune, "Rawaya, ki sauko daga kan kujerar nan a hankali."