Waɗanda Boss Pol Yake Ciyarwa

Duk mai bin ƙwallon kwando a Manila ya san Fulgencio Dimaano, wato Boss Pol, manajan ƙungiyar Tres Anklas. Mutum ne mai idon cin naira, sai dai a nan peso ake ci. A sana'arsa musayar 'yan wasa ake yi kamar kaya: ka ba ni naka in ba ka nawa, ko in bar maka gurbina a zaɓen sabbin yara na shekara. Sharaɗin ɗaya ne, likitan mai karɓa ya duba ɗan wasa, in ya ga aibi ciniki ya rushe. Shi kuwa ƙungiyarsa cike take da waɗanda wasa ya tatse, ba mai so ko a kyauta. Sai ya hau jirgin ruwa ya nufi tsibirin Siquijor, wurin wani tsohon boka, Nong Ambo.

Da rana tsaka ya isa, amma bukkar duhu ce ɗif. Kwalaben man kwakwa jere, saiwoyi sun ruɓe a ciki. Ga baƙin kyandir yana ɗiga a kan ƙoƙon kan kare, ga wata gora a rataye, ana jin ƙwari suna ƙas-ƙas a cikinta.

"Guiwar wani ɗan wasana nake so ta warke, Nong," in ji Boss Pol.

"Ba na warkarwa, Dong," in ji tsohon, don haka ake kiran yaro a can. "Sauya wa ciwo gida nake yi. Wa zai karɓa?"

"Ko ma wane ne."

"Kai, ɗan birni! Ka taɓa yin musaya da hannu ɗaya? Cikin waɗanda kake ciyarwa zai sauka."

Boss Pol ya tuna zakarunsa na faɗa guda arba'in, ya ƙyalƙyale da dariya. "Na yarda."

Tsohon ya zaro baƙin ƙwaro daga gorar, ya ɗaura masa farin zare a ƙafa, ya ɗora shi a kan bandejin ɗan wasan da Boss Pol ya zo da shi. Ƙwaron ya tsotsa, zaren ya rine ja, ya tashi fir ya fice.

A satin likita ya ga guiwa garau. Aka yi musaya. A gida kuwa zakara ɗaya ya faɗi, ƙafarsa ta tsage har ƙashi ya leƙo. Boss Pol ya sa aka yi farfesu da shi, don rashin tsoron Allah.

Daga nan fa sai abin ya zama masa sana'a. Yana ba da guragu, yana karɓo zaratan samari da guraben zaɓe. Kofi biyu ya ci, ya gina gida a Alabang, ya sayi motoci. Zakaru suka ƙare. Direbansa yana tsaye yana wanke mota jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, ƙararta har maƙwabta. Ranar da aka duba wani ɗan wasa mai tsohon rauni a kai, matarsa Lerma tana zuba shinkafa jini ya ɓalle mata ta kunne. Ta yi ta buga goshi da bango har haƙoranta suka zube. Ba ta ƙara gane kowa ba, aka kai ta gidan yayarta.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma ina! Ɗansa tilo, Renzo, ya gama jami'a, kuma shi kowa ke son ɗauka a zaɓen bana. Mai ƙungiyar ya ce in aka samo gurbin farko aka ɗauki yaron, uba da ɗa a riga ɗaya, zai ba Boss Pol kaso a kamfani. Masu gurbin kuwa ɗan wasansa ɗaya suke so, Sumulong, wanda zuciyarsa ke da huji a ɓoye. Boss Pol ya koma Siquijor.

"Zuciya ba ta shiga kaza," in ji Nong Ambo. "Mutum take nema. Wa ya rage maka?"

"Ɗana. Shi kam a'a, Nong."

"To ka bar cinikin."

"In ban ciyar da kowa ba fa?"

Tsohon ya ce, "Cutar za ta yi yawo kwana arba'in, ta koma wa mai ita. Amma ko loma ɗaya, Dong."

Boss Pol ya sallami masu aiki. Ya kori Renzo zuwa gidan kawunsa ba dalili, ya daina ba shi ko kwabo, ya daina ɗaga wayarsa. Sumulong ya tsallake gwaji, gurbin farko ya shigo hannu.

Ranar zaɓe ita ce kwana na talatin da takwas. An cika babban kanti maƙil, ana kiɗa. Boss Pol bai karya ba, yana bayan dandali yana cin burodin pandesal a tsaitsaye, sai ga Renzo cikin sabon kwat.

"Papa, laifin me na yi maka?"

Tausayi ya kama shi. Kuma mu nan, wa ke cin abinci a gaban mutum bai yi tayi ba? Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya gutsura rabi ya miƙa. "Ungo, ci."

Sai da yaron ya haɗiye sannan Boss Pol ya tuna. Ya shaƙe shi, yana cusa masa yatsu a maƙogwaro yana ihu, "Amayar! Amayar!" Masu gadi suka ɓamɓare shi, suka danne shi a ƙasa. Yana nan kwance ya ji an kira sunan Renzo Dimaano, zaɓi na farko. Yaron ya hau dandali, aka sa masa hula, ya ɗaga hannu. Ya dafe ƙirji. Jini ya feso masa ta baki da hanci, ya wanke farar rigar, ya kifa a gaban kyamarori.

Boss Pol yana nan da rai a titunan Quiapo, tsumma a jiki. In ka ba shi abinci ya ci, amma in kare ya matso sai ya rufe kwanon da ƙirjinsa yana kuka, yana roƙon karen ya tafi.

Kai mai neman arziki ta bayan gida, ka ji dai. Abin da ka ce ko ma wa ya faɗa wa, ba baƙo zai nema ba. Gidanka ya sani, kuma wanda ka fi so zai bari a ƙarshe.