Fayil Kafin Zance

Kaka tana kan keken ɗinkinta lokacin da Auta, jikarta, ta shigo tana murmushi ita kaɗai. Tsohuwar ba ta ɗaga kai ba. Ta san Dogo ne a ƙofa, ɗan mai gyaran agogo. Shi da Auta suna aji biyu na babbar sakandare, sun kuma yi alkawarin shiga jami'a ɗaya.

Kaka ba ta taɓa riƙe alli ba, amma ta ga yadda yayar Auta ta tashi neman takardu ana saura mako biyu a rufe fom ɗin shiga jami'a, ta ƙare da zaman shekara guda a gida tana wanke-wanke. Don haka ta sa aka kira yaron, ta tambaye shi ina takardunsa. Ya sosa ƙeya, ya ce ai da sauran shekara guda da rabi, fom ma ba a buɗe ba.

"Ni ba na yanka yadi ranar da mai kaya zai zo karɓa," in ji Kaka. "Kar in sake ganin ƙafarka a nan sai da fayil cikakke."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Babanta ya roƙi a sassauta, Kaka ta ce masa shi ma da sassaucin ya bar babbar 'yarsa a baya. Dogo kuwa ya yi fushi, ya aiko wa Auta cewa an wulaƙanta shi. Ba ta biye masa ba. Ta share hawaye, ta shiga haɗa nata: satifiket, hotuna, wasiƙar malami.

Bayan mako uku Dogo ya buɗe akwatin babansa, don kawai ya rufe wa tsohuwa baki. A nan ya ga takardar haihuwarsa da ta firamare sun saɓa da shekara guda. Ashe uban ne ya ƙara masa shekara don a ɗauke shi makaranta da wuri, ya kuma manta. Gyaran nan wata takwas ya ci, daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce babba ba ya nan, gobe a ce a kawo shaida.

Ranar da ya dawo da fayil, takalminsa ya cinye. Kaka ta sa Auta ta karanta mata shafi-shafi, sannan ta ce a ba shi kujera.

Da aka buɗe fom, su biyun suka gama a makon farko. Wasu 'yan ajinsu sai a lokacin suka gano irin matsalarsa, aka rufe suna kan layi. Sunan Auta da na Dogo suka fito a jami'a ɗaya.

Ya zo godiya, ya durƙusa. Kaka ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ƙafafunka za ka gode wa, su suka sha yawo."

To 'yan mata da samari, shirin jami'a tun ana aji biyu ake fara shi. Mai sonki da gaske kuwa, in an kore shi don gyara, gyaran zai yi ya dawo.